Blonde on Blonde na Bob Dylan: Tambayoyi da Amsoshi Kan Tagwayen Faifan 1966

Wane kundi ne wannan, kuma wa ya yi shi?

Blonde on Blonde shi ne kundin waƙoƙi na bakwai da mawaƙin Amurka Bob Dylan ya ɗauka a situdiyo. Kamfanin Columbia ne ya fitar da shi a tsakiyar 1966. Waƙoƙi 14 ne a kan faifai biyu, tsawonsu gaba ɗaya kusan minti 73. An daɗe ana rubuta 16 ga Mayu a matsayin ranar fitowarsa, amma masu bin diddigi na baya-bayan nan sun fi tsayawa a kan 20 ga Yuni.

Ainihin sunan mawaƙin Robert Allen Zimmerman. An haife shi ranar 24 ga Mayu 1941 a Duluth, jihar Minnesota, ya tashi a Hibbing, garin masu haƙar tama da ke can arewacin jihar. Ya shigo New York a Janairun 1961 da jita da harmonika, wato ɗan abin busan nan da yake rataya a wuya. Lokacin da wannan kundi ya fito shekarunsa 25 kacal, kuma shi ne na uku da ya fitar cikin kusan wata 15, bayan Bringing It All Back Home na Maris 1965 da Highway 61 Revisited na Agustan shekarar.

Me ake nufi da tagwayen faifai, kuma me ya sa abin ya zama labari?

Wanda ya tashi a zamanin waya ba zai ga abin mamaki ba, domin yau mawaƙi na iya zuba waƙa hamsin a intanet ba wanda zai ce masa don me. A wancan lokacin faifan garmaho ne, mai faɗin inci 12, yana juyi sau 33 da sulusi a minti. Kowace fuska tana ɗaukar minti ashirin da ɗoriya kafin sautin ya fara raunana, saboda in aka matse layukan da allura ke bi, ƙarar takan ragu. Ke nan faifai ɗaya minti arba'in ne zuwa hamsin, iyakarsa ke nan. Highway 61 Revisited ma da ƙyar ya shiga, don ya kai minti 51.

In waƙoƙi suka fi haka yawa, abu biyu ne: ko a zubar da wasu, ko a buga faifai biyu a sa su cikin jaka guda mai buɗewa kamar littafi. Na biyun ya fi tsada ga kamfani da mai saye. Kamfanoni kuwa suna yi wa kiɗan rok kallon kayan samari da 'yan mata, abin da za a saya da kuɗin kashewa, a yi rawa da shi wata uku a manta. Faifai biyu na manyan makaɗan jaz ne da na kiɗan gargajiyar Turawa. Shi ya sa da Columbia ta yarda ta yi wa mawaƙin rok haka, sai ya zama alamar cewa an fara ɗaukar wannan kiɗa a matsayin abin da za a zauna a saurara.

Shi ne tagwayen faifai na farko a duniya?

A'a. Wasan da Benny Goodman ya yi a zauren Carnegie a 1938 ya fito kan faifai biyu tun 1950, haka ma kundin da Ella Fitzgerald ta rera waƙoƙin Cole Porter a 1956. A fagen rok ne yake cikin na farko-farko, shi da Freak Out! na ƙungiyar Frank Zappa, wanda ya fito a ƙarshen Yunin 1966. Daga nan hanya ta buɗe: farin kundin Beatles mai waƙoƙi 30 da Electric Ladyland na Jimi Hendrix a 1968, Tommy na The Who a 1969, Exile on Main St. na Rolling Stones a 1972, har zuwa The Wall na Pink Floyd a 1979.

Abu guda da ya kamata a lura da shi: Dylan bai shiga situdiyo da tsarin wani dogon labari da zai cika faifai biyu ba, irin yadda Pete Townshend na The Who ya yi da Tommy. Waƙoƙinsa ne suka yi ta tsawo har suka fi ƙarfin faifai ɗaya.

Waɗanne irin waƙoƙi yake yi kafin wannan lokaci?

Kundinsa na farko, na Maris 1962, kusan duka tsofaffin waƙoƙin gargajiya ne da na buluz da ya koya a wurin wasu. Biyu kawai ya rubuta da kansa, ɗaya cikinsu ta girmama Woody Guthrie ce, mawaƙin talakawa da leburori wanda Dylan ya ɗauka uban gida, har yana zuwa duba shi a asibiti a New Jersey. A lokacin yana kwaikwayon Guthrie a murya, a tafiya, har a sa hula.

Cikin shekara biyu ya zama wani abu dabam. Kundayen 1963 da 1964 su ne suka sa aka fara kiransa kakakin matasan zamaninsa. Ya yi waƙa kan masu ƙera makamai, kan fargabar yaƙin nukiliya, kan kisan Medgar Evers mai fafutukar 'yancin baƙaƙen fata. Ya rera waƙa a babban gangamin Washington na 28 ga Agusta 1963, inda Martin Luther King ya yi shahararren jawabinsa. Mafi ƙarfi a cikin waƙoƙin wannan zango, a ganina, ita ce "The Lonesome Death of Hattie Carroll", labarin gaske na wata ma'aikaciyar otal baƙar fata a Baltimore da ta rasu bayan wani ɗan masu hali farar fata ya buge ta da sanda, kotu ta yanke masa wata shida. Waƙa ce da ba ta da aibu a gini. Amma duba yadda take: an san azzalumi, an san wadda aka zalunta, mawaƙin kuma yana tsaye a gefe, hannunsa tsaf, yana nuni da yatsa. Shi da kansa ya riƙa kiran irin waɗannan waƙoƙi da na nuna yatsa, kuma tun a 1964 ya faɗa cewa ya gaji da su.

Me ya haɗa shi rigima da masoyansa na farko?

Lantarki. Masu raya waƙoƙin gargajiya a Amurka ta wancan lokaci, yawancinsu 'yan ra'ayin kawo sauyi, suna ganin jitar katako ita ce muryar talaka, jitar lantarki da ganguna kuwa kayan 'yan kasuwa ne. Ranar 25 ga Yuli 1965 Dylan ya hau dandalin bikin waƙoƙin gargajiya na Newport da jitar lantarki da makaɗa a bayansa, wasu suka yi tafi, wasu suka yi ihun a sauka. Daga nan har tsakiyar 1966 kusan duk inda ya je sai an yi wannan. A Manchester, ranar 17 ga Mayu 1966, wani daga cikin 'yan kallo ya ɗaga murya ya kira shi Yahuza, wato almajirin da ya ci amanar Annabi Isa a labarin Kiristoci.

Ba ƙarar kiɗan kaɗai ta ɓata musu rai ba. Sun ga mutumin da suke sa ran zai ci gaba da faɗa musu wane ne mai gaskiya ya daina, ya koma waƙoƙin da ba a gane inda suka dosa.

An ce an fara aikin a New York amma ya ƙi ci. Me ya faru?

Ya fara ɗauka a Oktoban 1965 tare da The Hawks, makaɗan da ke raka shi yawon wasa, waɗanda daga baya duniya ta san su da The Band. Huɗu daga cikinsu 'yan Kanada ne, sun goge a mashaya da gidajen rawa, kiɗansu mai ƙarfi ne da tsauri. A kan dandali babu kamarsu. A situdiyo kuwa aka yi ta zama, Oktoba, Nuwamba, Janairu, ba a samun abin da ake nema. Sun gwada "Visions of Johanna" sau da yawa ranar 30 ga Nuwamba, wani lokaci da sauri, wani lokaci da nauyi, duk ba ta zauna ba. Wata waƙar mai suna "She's Your Lover Now" suka yi ta fama da ita har ta wargaje a baiti na ƙarshe, Dylan ya ajiye ta bai ƙara komawa ba.

Duk zaman New York waƙa ɗaya ce ta shiga kundin, "One of Us Must Know", wadda aka ɗauka ranar 25 ga Janairu 1966. Ita ma ba da cikakkiyar ƙungiyar ba, sai da aka kawo Paul Griffin ya kaɗa fiyano. Wanda ya saurari waɗannan gwaje-gwaje, waɗanda aka fitar a 2015 cikin tarin The Cutting Edge, zai ji matsalar da kunnensa: kiɗan yana tsere da kalmomin, kowa na neman ya fi wani ƙara. Sabbin waƙoƙin suna son makaɗan da za su ja baya su ba su wuri.

To me ya kai shi Nashville, garin kiɗan kantiri?

Furodusansa Bob Johnston, mutumin Texas, shi ya matsa. Tun a Agustan 1965 ya sa wani matashin makaɗin Nashville, Charlie McCoy, ya leƙo situdiyo a New York, McCoy ya ɗauki jita ya raka Dylan a "Desolation Row" nan take ba tare da wani dogon shiri ba. Wannan ya zauna wa Dylan a rai. Manajansa Albert Grossman bai so tafiyar ba. A idon mutanen New York, Nashville garin 'yan karkara ne masu ra'ayin riƙau a Kudu, ba wurin da ɗan birni mai tulin gashi zai je neman sabon abu ba.

Ya je duk da haka. Aka yi zama biyu a situdiyon Columbia, ɗaya a tsakiyar Fabrairu, ɗaya a makon biyu na Maris 1966. Daga New York ya zo da Al Kooper mai kaɗa ogan da Robbie Robertson mai jita. Sauran 'yan gari ne: McCoy, Kenny Buttrey a ganguna, Wayne Moss a jita, Joe South da Henry Strzelecki a jitar bes, da Hargus Robbins, makaho mai fiyano da ake yi wa laƙabi da Pig. Yawancinsu samari ne sa'o'in Dylan, amma sun riga sun kaɗa wa mawaƙa da yawa.

Yaya aikin ya gudana a can?

Al'adar Nashville ita ce zaman awa uku, a ɗauki waƙa uku ko huɗu, kowacce minti biyu da rabi, kowa ya kama gabansa. Dylan ya zo da waƙoƙin da bai gama rubutawa ba. Sai ya zauna gaban fiyano da takarda, makaɗa kuma su tafi su yi karta ko ƙwallon tebur, wasu su yi barci, ana biyansu kuɗin zama. Johnston ya sa aka cire allunan da ke raba makaɗi da makaɗi a ɗakin, aka zauna kusa da juna, kowa na ganin hannun ɗan'uwansa.

Labarin da aka fi bayarwa shi ne na daren 15 ga Fabrairu. An kira makaɗa ƙarfe shida na yamma, ba a kira su ciki ba sai wajen ƙarfe huɗu na asuba. Dylan ya nuna musu baiti da amshi, ya ce a fara. Buttrey ya ba da labari daga baya cewa sun zaci waƙar minti biyu ko uku ce, don haka da aka zo amshi na biyu suka ɗaga kiɗan, suna jiran a rufe. Sai Dylan ya busa harmonika ya shiga wani baitin. Suka sauko, suka sake hawa, ya sake shiga wani. Haka har minti 11 da ɗoriya. Waƙar ita ce "Sad Eyed Lady of the Lowlands", kuma wannan hawa da sauka da ake ji a cikinta, wanda mai saurare zai ɗauka tsari ne, rashin sanin inda za a tsaya ne ya haife shi.

A zaman Maris an ɗan sami dabara. Kooper kan je ɗakin Dylan a otal ya yi ta maimaita karin waƙa a fiyano yayin da shi yake cike kalmomi, sannan ya riga shi zuwa situdiyo ya koya wa makaɗa. A daren ƙarshe, daga 9 zuwa wayewar garin 10 ga Maris, waƙoƙi shida suka kammala, ta ƙarshensu "I Want You".

A ina ainihin ci gaban Dylan yake a wannan kundi? Ba dai ya bar siyasa ya koma soyayya ba ne kawai?

Wannan ita ce tambayar da ta fi muhimmanci, kuma amsar da aka saba bayarwa ba ta gamsar da ni. Ya yi waƙoƙin soyayya tun 1963. Kalmomi masu rikitarwa da hotunan mafarki kuwa sun cika kundaye biyun 1965. Abin da ya sauya shi ne matsayin mai magana a cikin waƙar.

Ko a "Like a Rolling Stone", wadda ta girgiza rediyo a 1965, yatsan nan yana nan. An dai sauya wanda ake nunawa: maimakon alƙali ko mai sayar da makamai, wata 'yar gata ce da duniya ta juya wa baya, mawaƙin yana tsaye a kanta yana mata gori. Har yanzu shi ne mai sani, ita ce mai kuskure. A Blonde on Blonde wannan tabbaci ya tsage. Mai magana a "One of Us Must Know" yana ƙoƙarin ba da haƙuri ga macen da ya ɓata wa rai, amma haƙurin rabi ne, yana yi yana kare kansa, kuma an gina waƙar yadda mai saurare zai gane cewa mutumin bai fahimci girman laifinsa ba. Marubucin ya fi wanda ke magana a waƙar sani. Rubuta irin wannan ya fi rubuta zambo wuya nesa ba kusa ba, domin sai ka yarda a ga rauninka ba tare da ka nemi a tausaya maka ba.

"Visions of Johanna" ta kai abin ƙarshe. Dare ne, a wani ɗaki a birni, bututun ɗumama ɗaki na tari, rediyo na kiɗa ƙasa-ƙasa. Akwai mace a ɗakin, Louise, tana nan da jininta da tsokarta. Akwai kuma Johanna, wadda ba ta nan, ba a kuma taɓa ganinta ba har waƙar ta ƙare, amma rashinta ya fi kasancewar kowa nauyi. Baiti biyar, minti bakwai da rabi, waƙar na fita daga ɗakin zuwa titi, zuwa gidan tarihi, zuwa wani taron mutane masu kama da na mafarki, kowane baiti kuma ya dawo kan sunan wadda ba ta nan. Har wakilin suna yana zamewa: wanda ake kira "shi" a nan, sai ka ga kamar "ni" ne a can. Ba wanda aka kama da laifi, ba wanda aka wanke. Mawaƙin da shekara uku baya yake karanta wa kotu hukuncinta, yanzu ya kasa yanke hukunci a kan zuciyarsa.

Abu na biyu shi ne ya koyi barin kiɗa ya ɗauki rabin maganar. A kundayen farko jita rakiya ce kawai, kalmomi ke yin komai. A nan, in ka cire bes ɗin Joe South da ogan ɗin Kooper daga "Visions of Johanna", ka cire daren. "I Want You" kuma kalmominta cike suke da masu haƙa kabari da 'yan siyasa mashaya da iyaye mata masu kuka, amma kiɗan na tsalle da fara'a, amshin kuma kalmomi ne 'yan kaɗan da kowane saurayi zai iya faɗa. Ma'anar tana tsakanin nauyin baitocin da sauƙin amshin. A hirarsa da mujallar Playboy a 1978, Dylan ya ce a wannan kundi ne ya fi kusantar sautin da yake ji a kansa, ya siffanta shi da siriri, marar linzami, mai ƙyalli kamar zaiba.

Waƙoƙin suna da ma'ana kuwa, ko sambatu ne aka yi wa ado?

Wasu layukan sambatu ne, kuma ba laifi a faɗa. Mutum ne da ke rubutu da asuba, makaɗa na jira, amsa-amo na jan shi inda ya ga dama. Ya karanta marubucin waƙa Arthur Rimbaud na Faransa, yana abota da marubucin waƙa na Amurka Allen Ginsberg, kuma ya ɗauki ra'ayinsu na barin hoto ya zo kafin hankali ya tace shi.

Sai dai gwajin ba a layi ɗaya yake ba. Ɗauki "Stuck Inside of Mobile with the Memphis Blues Again". Baiti tara ne, kowanne da mutumin da ya shigo: mai tara tsumma, Shakespeare a lungu, sanata, mai wa'azi, kaka da ya rasu, wata mai rawa. In ka tsaya kan kowannensu kana tambayar wa yake wakilta, za ka kwana a nan. Amma duk baitin da ya ƙare, sai a dawo kan kuka guda: mutum ya maƙale a wani gari, Mobile, ransa na wani garin, Memphis. Bayan dawowa ta tara, ka riga ka ji a jikinka abin da ake nufi da maƙalewa, ko da ba ka warware ko baiti ɗaya ba. Maimaicin shi ne saƙon.

Wace ce matar da aka ba fuskar faifai guda sukutum?

"Sad Eyed Lady of the Lowlands" ita kaɗai ta cika fuska ta huɗu. Kusan kowa ya yarda matar da ke cikinta Sara ce, wadda Dylan ya aura a asirce ranar 22 ga Nuwamba 1965, ana tsakiyar aikin kundin. Shi ma ya tabbatar da haka bayan shekara goma, a waƙar "Sara" ta kundin Desire na 1976, inda ya ambaci zaman da ya yi a otal ɗin Chelsea yana rubuta mata ita. "Sad Eyed Lady" baiti biyar ce na kirari, yana jera siffofin bakinta da idanunta da kayanta, yana tambayar wa ya isa ya mallake ta. Masu sharhi sun rabu a kanta. Wasu na ganin ita ce ƙololuwar kundin, wasu na ganin jerin siffofi ne da ba su haɗu sun zama mutum ba. Ni ina tsakiya: a takarda tana da rauni, a kunne kuwa, musamman da dare, tana da wani irin jan hankali da ba ya sakin mutum.

Akwai abin suka a kundin?

Akwai. Na farko shi ne yadda yake kallon mata a wasu wurare. "Just Like a Woman" tana da karin da ya fi kowanne taushi a kundin, amma tun farkon shekarun 1970 masu fafutukar 'yancin mata suka soke ta da cewa jerin raini ne aka naɗe da siliki. Masu kare ta suna cewa a baiti na ƙarshe namijin ne ya karye, har yana roƙon kada a tona yadda yake a da. Duka biyun suna cikin waƙar. "Leopard-Skin Pill-Box Hat" kuwa habaici ne tsantsa ga wata 'yar gayu da hularta, abin dariya ne, amma tsohon yatsan ne ya dawo. Ci gaban da na ambata bai game kundin duka ba.

Na biyu, fuska ta uku ba ta kai sauran ba. "Obviously 5 Believers" da "Temporary Like Achilles" buluz ne masu daɗi, amma da faifai ɗaya aka yi, da wuya su tsira. Wannan ciwon kusan duk tagwayen faifai ne.

Sai waƙar buɗewa, "Rainy Day Women #12 & 35", mai kakaki da ganga irin na 'yan fareti, ana ihu ana dariya a bayan fage. Amshinta harshen damo ne, yana iya nufin jifa da duwatsu, yana iya nufin buguwa, shi ya sa wasu gidajen rediyo suka ƙi sa ta. Wasu na ganin wasa ne da bai dace da ƙofar irin wannan gida ba. Amma mutumin da aka yi shekara ana yi wa ihu a kowane dandali, in ya buɗe kundinsa da waƙar jifa yana dariya, ai ba a rasa abin da yake nufi ba.

Gaskiya ne akwai waƙar da ya yi wa Beatles martani da ita?

"4th Time Around" ta yi kama ƙwarai da "Norwegian Wood" ta John Lennon, wadda ta fito a kundin Rubber Soul a Disamban 1965: kari iri ɗaya mai taku uku, labari iri ɗaya na namiji a ɗakin wata mace da dare. Lennon kansa ya rubuta tasa ne a lokacin da salon Dylan ke tasiri a kansa, kuma ya faɗa daga baya cewa waƙar Dylan ta sa shi tsarguwa. Ko tsokana ce ko gaisuwa, ta nuna yadda mawaƙan biyu ke sauraren juna a wannan shekara.

Muryarsa fa? Mutane da yawa ba sa jure ta.

Ba za a yi musu ba, murya ce ta hanci, yana jan wasula, yana hawa kan kalma ya sauko ta inda ba a zata ba. Wanda ke neman zaƙin murya ya nemi wani. Abin saurare shi ne inda yake ajiye numfashi da yadda yake cusa dogon layi cikin gajeren kari ba tare da ya faɗi ba. Mawaƙa masu zaƙin murya da yawa sun sake rera waƙoƙin nan, sau da yawa sai ka ji daɗin ya ƙaru, cizon ya tafi.

Ya samu kasuwa?

Ya kai na 9 a jadawalin Billboard na Amurka, na 3 a Birtaniya, abin da ba ƙarami ba ne ga kaya mai tsadar faifai biyu. "Rainy Day Women" ta kai ta 2 a Amurka, "I Want You" ta 20. Hoton bangon, wanda Jerry Schatzberg ya ɗauka a New York cikin sanyi, dishi-dishi ne, Dylan ne kuma ya zaɓe shi a haka. Babu sunansa ko sunan kundin a fuskar bangon. Mujallar Rolling Stone ta sa shi na 9 a jerin manyan kundaye 500 da ta fitar a 2003, ya sauka zuwa na 38 a jerin 2020.

Me ya sa bai ci gaba da wannan salo ba?

Ranar 29 ga Yuli 1966, makonni kaɗan bayan fitowar kundin, ya faɗi da babur kusa da gidansa a Woodstock. Ya soke duk wasannin da ke gabansa, bai sake fita dogon yawon wasa ba sai 1974. Kafin haɗarin ma duk wanda ya ga hotunansa na rangadin Ostireliya da Turai ya san mutumin ya kusa ƙarewa, ya rame, ba ya barci.

Da ya koma Nashville a ƙarshen 1967, McCoy da Buttrey ya sake kira, amma abin da suka yi, John Wesley Harding, kishiyar na baya ne: gajerun waƙoƙi, yawancinsu baiti uku ba amshi, kiɗa kaɗan, harshe mai kama da na Baibul. A daidai lokacin da sauran mawaƙan rok ke ƙara kayan kiɗa da tsawon waƙa, suna bin hanyar da ya buɗe, shi ya juya. Abin da ya riƙe daga Blonde on Blonde shi ne mai maganar da ba shi da tabbas a kan kansa, kuma wannan ne ya dawo da ƙarfi a Blood on the Tracks na 1975. Tagwayen faifansa na gaba, Self Portrait na 1970, ya sha suka sosai, abin da ke nuna ba yawan faifai ne sirrin ba.

Nashville ma ta ci riba. Bayan Dylan, The Byrds da Leonard Cohen da Joan Baez da Neil Young duk sun je can ɗaukar waƙa, Buttrey ne ma ya kaɗa ganguna a Harvest na Neil Young.

Wace alaƙa ke tsakanin kundin da kyautar Nobel?

Ranar 13 ga Oktoba 2016 Cibiyar Suwidin ta ba Dylan kyautar Nobel ta adabi, saboda sabon salon waƙa da ya ƙirƙira a cikin al'adar waƙoƙin Amurka. Da aka tambayi sakatariyar cibiyar ta lokacin, Sara Danius, daga ina mutum zai fara, Blonde on Blonde ta ambata. An yi ta cacar baki a Turai da Amurka kan ko waƙar da ake rerawa da kiɗa adabi ce. Mu da ake nazarin Narambaɗa da Shata a sassan Hausa na jami'o'inmu, wannan gardama ba ta da wani zafi a wurinmu. Dylan bai halarci bikin Disamba ba, Patti Smith ce ta rera waƙarsa a wurin, shi kuma ya karɓi lambar a Stockholm a Afrilun 2017.

Wanda bai taɓa ji ba, daga ina zai fara, musamman in Turancinsa ba mai zurfi ba ne?

Ya fara da fuska ta biyu: "I Want You", "Stuck Inside of Mobile", "Leopard-Skin Pill-Box Hat", "Just Like a Woman". Ita ce mafi sauƙin shiga, kuma kiɗan kaɗai ya isa ya riƙe mutum. Bayan nan ya koma "Visions of Johanna" da rubutattun kalmomin a gabansa, ya ji ta sau biyu ko uku, kada ya tsaya fassara kowane layi. Turawan ma ba su gama fassara ta ba. "Sad Eyed Lady" a bar ta sai ƙarshe.

A waya duka waƙoƙin 14 suna zuwa a jere ba hutu, alhali an tsara su ne kashi huɗu, huɗu da huɗu da biyar da ɗaya, da ɗan tsayawa yayin da ake juya faifai. Yana da kyau a riƙa dakatawa a waɗannan wurare. Wanda kuma ya samu dama ya nemi rikodin wasan Manchester, wanda aka fitar a hukumance a 1998: a rabin farko Dylan shi kaɗai da jitar katako yana rera "Visions of Johanna" da "4th Time Around" da "Just Like a Woman" ga mutanen da kundin bai riga ya iso hannunsu ba, a rabi na biyu The Hawks su shigo da lantarki a fara rigima.